Yadda Sasancin Rabuwar Aure Yake Gudana, Daga Zaman Farko Zuwa Hatimin Kotu

Idan aure ya zo ƙarshe, akwai tambayoyin da takardar saki ba ta amsawa. Wurin wa yara za su zauna, kuma yaushe ɗayan zai riƙa ganinsu? Wa zai biya kuɗin makaranta da na asibiti? Gidan da ake zaune a ciki, sayar da shi za a yi, ko ɗaya zai ci gaba da zama ya biya ɗayan rabonsa? Bashin da aka ciwo da sunan mutum ɗaya amma aka kashe a kan iyali, a wuyan wa zai tsaya? Hanyoyin warware waɗannan ba su wuce uku ba: ko ma'auratan su daidaita a tsakaninsu, wanda ba kasafai yake yiwuwa ba a lokacin da zukata suke tafasa, ko su miƙa wa alƙali ya yanke musu, ko kuma su zauna gaban wani mutum na uku da aka horar, wanda ba ya ɓangaren kowa, ya taimaka musu su yanke da kansu. Hanya ta ukun ita ce sasanci, kuma ita za a bi daki-daki a nan.

Abin da mai sasanci yake yi

Mutane da yawa suna shiga ɗakin sasanci da tsammanin da ba zai cika ba. Wani yana jiran a tabbatar masa cewa shi ne mai gaskiya, wata kuma tana fatan a yi wa mijin nata faɗa a gabanta. Mai sasanci ba ya yanke hukunci, ba ya rantsar da kowa, ba ya kiran shaidu, kuma ba shi da ikon tilasta wa wani ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Ko da lauya ne a sana'arsa, a wannan zaman ba ya wakiltar kowa: zai iya bayyana muku abin da dokar ƙasarku ta tanada a dunƙule, amma ba zai ce wa ɗayanku ya karɓi wannan ko ya ƙi wancan ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ragamar tattaunawar, ya ga kowa ya sami damar magana, ya tabbatar an ajiye duk bayanan da ake buƙata a fili, sannan ya yi ta dawo da ku daga maganar abin da ya wuce zuwa maganar yadda za a rayu daga gobe.

Haka kuma bai zo don ya mayar da ku ɗaki ba. Neman gyara aure kafin ya mutu aiki ne dabam da ke zuwa kafin wannan, kuma addinai da al'ummomi suna da tsarinsu a kansa. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, alal misali, ta yi umarni da a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka. Yakan faru ma'aurata su shirya a tsakiyar sasanci, kuma babu mai hana su, sai dai ba shi ne abin da aka taru dominsa ba.

Sasanci a matsayin sana'a mai horo da ƙa'idoji ya kankama ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, inda wani lauya na birnin Atlanta, O. J. Coogler, ya kasance cikin waɗanda suka tsara shi. A 1981 jihar Kalifoniya ta wajabta shi ga iyayen da ke jayayya a kan riƙon yara. Daga nan wasu ƙasashe suka bi, kowace da salonta: Masar ta kafa ofisoshin sasanta rigingimun iyali ƙarƙashin dokar kotunan iyali ta 2004, Ostireliya kuma ta sa shi sharaɗi kafin shigar da ƙarar riƙon yara bayan gyaran dokar iyali na 2006. Tunda dokoki sun bambanta haka, abu na farko da ya kamata ku sani shi ne matsayin sasanci a inda kuke: zaɓi ne, ko kuwa ƙofa ce da sai an bi ta kafin kotu ta saurare ku.

Mataki na farko: a tabbatar cewa sasanci ya dace da ku

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi haɗari idan aka tsallake. Sasanci ya ginu ne a kan zaton cewa mutum biyun za su iya cewa a'a ba tare da tsoro ba. Idan ɗaya ya shafe shekaru yana shan duka, ko barazana, ko an hana shi taɓa ko sisi, ko an raba shi da danginsa da abokansa, to zaman da za a yi a ɗaki ɗaya ba zai zama tattaunawa ba. Wanda ya saba da tsoro zai amince da duk abin da aka ajiye masa don a tashi, kuma kallo ɗaya daga wancan ɓangaren, wanda mai sasanci ba zai ma lura da shi ba, ya isa ya rufe masa baki.

Shi ya sa ƙwararren mai sasanci yake fara ganawa da kowanne shi kaɗai kafin ya haɗa su. A wannan ganawar zai yi tambayoyin da wataƙila za su yi maka nauyi: shin ka taɓa jin tsoronsa? Yaya rigimarku takan ƙare? Wa ke riƙe da kuɗin gida? Akwai shaye-shaye? An taɓa cutar da yara? Ka amsa tsakaninka da Allah, domin da amsar nan ne zai yanke shawarar ko a ci gaba, ko a canza tsarin zaman, ko a tura ku kotu kai tsaye. A Ingila da Wales, inda tun 2014 doka ta wajabta halartar zaman bayani a kan sasanci kafin a shigar da yawancin ƙararrakin yara da na dukiya, an keɓe waɗanda ke da shaidar cin zarafi a gida da kuma masu lamarin gaggawa. Ostireliya ma tana da irin wannan keɓewar. A lura cewa a Ingila abin da aka wajabta shi ne sauraron bayanin. Shiga sasancin kansa yana hannun mutum.

Tsakanin zama ido da ido da fasawa gaba ɗaya akwai hanyar tsakiya. Ana iya ajiye kowanne a ɗakinsa, mai sasanci yana kai da kawo; ana iya yin zaman ta bidiyo; ana iya tsara lokacin zuwa da na tafiya yadda ba za a haɗu a ƙofa ba; ana kuma iya bai wa kowa damar zuwa da lauyansa. Waɗannan suna rage fargaba, amma a ganina ba sa maganin babban rashin daidaito. Inda akwai haɗari ga rai ko ga yara, ko alamar ɗaya yana shirin gudu da su, ko yana kwashe dukiya yana ɓoyewa, umarnin kotu ake buƙata, kuma da gaggawa.

Mataki na biyu: zaɓen mai sasanci

Ku biyun ne za ku amince da shi. Idan ɗaya ne ya nemo shi, ɗayan yana da haƙƙin ya yi magana da shi kafin ya yarda. Ku tambaye shi horon da ya samu a kan sasancin iyali musamman, da hukumar da ta yi masa rajista idan ƙasarku tana da irinta, da yadda yake tantance cin zarafi, da yadda ake biyansa da wanda zai biya. Ku kuma tambaye shi ko ya taɓa hulɗa da ɗayanku, domin lauyan da ya taɓa yi wa miji aiki bai dace ya zauna a tsakiya ba. Masu sasanci kan fito daga fanni biyu, shari'a ko kuma walwalar jama'a da nazarin halayyar ɗan Adam. Idan rigimarku ta dukiya ce mai sarƙaƙiya, na farko ya fi amfani; idan ta yara ce, na biyu. Wasu cibiyoyin suna haɗa biyun a zama ɗaya. Kotuna da ƙungiyoyin agaji a ƙasashe da dama suna da sasanci kyauta ko mai rangwame, don haka a bincika kafin a ce babu hali.

Ɗan uwa ko amini mai mutunci zai iya kwantar da hankali, ya sa a saurari juna. Matsalarsa ita ce yana da tarihi da ku, zai ci gaba da zama da ku bayan an gama, kuma sau da yawa burinsa a yi shiru ne ko da ba a yi adalci ba. Ya kasance mai dafa muku baya, amma kujerar tsakiya a bar wa wanda ba shi da abin samu ko na rasawa.

Mataki na uku: zaman farko da ƙa'idojinsa

A zaman farko na haɗin gwiwa za a ba ku takardar yarda da shiga sasanci. Ku karanta ta da kyau, domin ita ce ke fayyace abu uku. Na ɗaya, kowa yana iya janyewa a duk lokacin da ya ga dama. Na biyu, duk tayin da aka yi a wurin zaman, sirri ne, kuma a yawancin ƙasashe ba a iya kai shi gaban alƙali a ce ai wane ya taɓa yarda da kaza. Wannan kariyar ce ke ba mutum damar gwada tayi ba tare da ya ɗaure kansa ba. Na uku, sirrin yana da iyaka: idan ya bayyana cewa yaro ko wani yana cikin haɗari, mai sasanci zai kai rahoto, kuma a wurare da yawa bayanan dukiya da kuka gabatar ba sa cikin sirrin, ana iya amfani da su a kotu daga baya.

Daga nan sai a jera batutuwan da za a tattauna, kowa ya kawo nasa. Mai sasanci nagari zai fara da abin da ba ya jira: wa zai biya hayar wata mai zuwa, ina yara za su kwana a makonnin nan, wa ke riƙe da mota. Ana yin yarjejeniyar wucin gadi a kan waɗannan, a rubuta a fili cewa ta wucin gadi ce, don kada abin da aka yi don lalura ya zama hujja gobe. Zama ɗaya yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma yawancin ma'aurata suna buƙatar zama kaɗan a cikin makonni ko watanni, ana barin tazara a tsakani don tattara takardu da yin tunani.

Mataki na huɗu: kowa ya bayyana abin da ya mallaka

Ba a raba abin da ba a san yawansa ba. Kafin a yi maganar wa zai ɗauki me, kowanne zai kawo cikakken lissafin abin da yake samu, da abin da ya mallaka, da abin da ake binsa, tare da takardun da ke tabbatar da su: takardun albashi, bayanan asusun banki na watanni da dama, takardun gida ko fili, na mota, na hannun jari, lissafin kasuwanci idan akwai, takardun bashi, da bayanin fansho. Fanshon nan mutane sukan manta da shi saboda ba kuɗi ba ne a hannu, alhali sau da yawa, bayan gida, babu kadarar da ta kai shi girma a wurin ma'aikacin da ya daɗe yana aiki. Inda aka yi saɓani a kan darajar gida ko kamfani, gara ku amince da mai ƙiyasi ɗaya ku raba kuɗin aikinsa da kowa ya kawo nasa ƙiyasin a yi ta musu.

Bayan wannan kowa zai rubuta kasafin abin da zai riƙa kashewa a wata idan ya koma zama shi kaɗai ko da yara. A nan ne gaskiya mai ɗaci take bayyana: kuɗin shigar da ya riƙe gida ɗaya yanzu zai riƙe gida biyu, haya biyu, wuta da ruwa biyu. Da wuya a sami wanda zai fita da irin jin daɗin da ya saba. Wanda ya ga lissafin nan da idonsa yakan rage zargin cewa ɗayan ne ke neman cutarsa.

Mai sasanci ba shi da ikon kotu na tilasta wa banki ya buɗe asusu, don haka tsarin ya dogara ne da gaskiyar mutum biyun. Idan ka ga giɓi, ka tambaya a fili, ka nemi takarda. Idan aka yi ta kwana-kwana, wannan dalili ne isasshe na dakatar da zaman. Wanda kuma yake tunanin ɓoye wani abu ya sani cewa yarjejeniyar da aka gina a kan ƙarya ba ta da tushe. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Sharland, ta amince a warware yarjejeniyar rabon dukiya bayan an gano cewa mijin ya yaudari kotu da matarsa game da shirin kai hannun jarin kamfaninsa kasuwa.

Idan a zamanku ɗaya ne kawai ke kula da harkar kuɗi, ɗayan ya nemi a yi masa bayanin kowace takarda har sai ya gane, ko ya kai ta wurin akanta ko lauya. Babu kunya a cikin cewa ban gane ba, a maimaita.

Mataki na biyar: maganar yara

Nan ne sasanci ya fi kotu tasiri, saboda alƙali zai iya ba da umarni amma ba zai iya sanin cewa ƙaramar ba ta barci sai an bar fitila a kunne, ko cewa babban yana da darasi ranar Asabar da safe ba. Ma'aunin da dokokin ƙasashe da yawa suke bi, wanda kuma yake cikin sashe na 3 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, shi ne maslahar yaro. Mai sasanci zai yi ta dawo da ku kan wannan ma'aunin duk lokacin da maganar ta koma kan haƙƙina da haƙƙinki.

Ga yadda hakan yake kasancewa a aikace. A ce uwa ta ce, "Ba zan ba shi yaran nan su kwana ba, mutumin da ko ajin da suke bai sani ba." Uban ya taso: "Kin ji ko? Haka take yi, so take ta raba ni da 'ya'yana." Mai sasanci ba zai binciki ko uban ya san ajin ba. Zai juya ga uwar ya ce, "Malama, idan na fahimce ki, damuwarki ita ce kada karatunsu da lokacin barcinsu su rikice idan suna can." Ta ce haka ne. Ya juya ga uban: "Malam, kai kuma tsoronka shi ne ka zama baƙo a wurinsu." Ya ce ƙwarai. Daga nan tambayar ta sauya: wane tsari ne zai sa yaran su riƙa kwana wurin mahaifinsu ba tare da aikin makaranta ya sha ruwa ba? Wataƙila a fara da daren Juma'a da na Asabar kowane mako biyu, uban ya karɓi jadawalin makaranta ya shiga jerin waɗanda malamai ke aika wa saƙo, sannan a sake zama bayan wata uku a duba. Zargin da aka fara da shi bai gushe daga zukata ba, amma an fitar da buƙatar da ke ƙarƙashinsa, kuma buƙata ana iya biya mata.

Tsarin riƙon yara da zai yi ƙarko shi ne wanda ya shiga ƙananan bayanai. Jimla irin ta "uba zai riƙa ganin yara yadda ya kamata" tana da daɗin ji a ranar sa hannu, amma ita ce ke haifar da rigimar wata mai zuwa. A rubuta ranaku da sa'o'i, da wurin miƙa yara da wanda zai kai ya ɗauko. A rubuta yadda za a raba hutun makaranta da ranakun bukukuwa, da abin da za a yi idan yaro ba shi da lafiya a ranar da ya kamata ya tafi, da awannin da za a bayar na sanarwa idan ɗaya ba zai samu zuwa ba. A fayyace wanda ke yanke shawara a kan makaranta, da magani, da tarbiyyar addini. Wanda zai riƙe fasfo. Da sharaɗin tafiya da yaro wata ƙasa ko ƙaura zuwa wani gari mai nisa. A kuma yi maganar da kowa ke gudu, wato yadda za a gabatar wa yara da sabon miji ko sabuwar mata idan lokacin ya zo. Shekarun yaro ma abin dubawa ne: jariri yana buƙatar ganin kowanne akai-akai na ɗan gajeren lokaci, matashi kuma yana da abokai da harkokinsa da dole tsarin ya bar musu wuri.

Sashe na 12 na waccan yarjejeniya ya ba yaron da ya yi wayo haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Wasu masu sasanci suna da horo na musamman na ganawa da yara, da yardar iyaye da ta yaran, sannan su kawo wa iyayen abin da yaran suka amince a faɗa. Jin ra'ayin yaro dabam yake da ɗora masa zaɓi. Kada a taɓa tambayarsa wa ya fi so, kuma kada a mayar da shi ɗan aike tsakanin gida biyu.

Akwai binciken da ke nuna cewa wannan wahalar tana da riba. Robert Emery na Jami'ar Virginia a Amurka da abokan aikinsa sun raba iyalai 71 masu jayayya a kan riƙon yara ta hanyar ƙuri'a, wasu zuwa sasanci na kimanin awa biyar, wasu zuwa shari'a. Bayan shekara 12, a cikin iyayen da yaran ba sa zaune a wurinsu, masu ganin 'ya'yansu kowane mako a rukunin sasanci sun ninka na rukunin shari'a kusan sau uku. Iyalan ba su da yawa, kuma a wuri ɗaya aka yi binciken, amma tazarar ta isa a yi la'akari da ita.

Mataki na shida: gida, bashi da ciyarwa

Dokokin rabon dukiya sun sha bamban ƙwarai. A wasu ƙasashe abin da aka tara a lokacin aure na mutum biyun ne, a wasu kotu tana duba buƙata da gudummawar kowa, a wasu kuma kowa yana riƙe da abin da yake nasa sai abin da aka yi tarayya a kansa. Kafin ka shiga wannan matakin ka ga lauyanka, ko da sau ɗaya ne, ya faɗa maka abin da kotu za ta iya ba ka mafi ƙaranci da mafi yawa. Wanda bai san wannan ba, ba zai iya gane tayi mai kyau ba idan an yi masa.

A ɗauki gidan da suka mallaka tare, a ce darajarsa kashi 100 ce, kuma akwai sauran bashin banki na kashi 40 a kansa. Abin rabawa kashi 60 ne. Za a iya sayarwa a biya banki a raba ragowar. Za a iya barin ɗaya a ciki ya biya ɗayan rabonsa, idan har banki zai yarda ya mayar da bashin sunansa shi kaɗai. Za a iya jinkirta sayarwa har ƙaramin yaro ya gama makaranta, a rubuta wanda zai riƙa biyan bashin da gyare-gyare kafin nan. Ko kuma ɗaya ya riƙe gidan, ɗayan ya riƙe fanshonsa ko wata kadara mai kwatankwacin daraja. Mai sasanci zai sa ku auna kowane zaɓi da kasafin da kuka rubuta tun farko, domin sau da yawa wanda ya dage sai ya riƙe gida yakan gano bayan shekara ɗaya cewa ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Game da bashi kuma, a tuna cewa yarjejeniyarku ba ta ɗaure banki: idan sunanka yana kan takardar, kai za a nema ranar da ɗayan ya kasa biya.

Kuɗin ciyar da yara haƙƙin yaran ne, shi ya sa a ƙasashe da yawa kotu ba ta ɗaukar yafewar da uwa ko uba suka yi a kansa a matsayin abin da ya rufe maganar har abada. A rubuta adadin, da ranar biya, da hanyar biya wadda ke barin shaida, da yadda za a raba kuɗin da ke faɗowa ba zato kamar na asibiti, da lokacin da za a sake duba adadin idan albashi ko tsadar rayuwa sun canza. Kada a haɗa shi da ziyara. Wanda ya hana ganin yara don ba a biya ba, da wanda ya ƙi biya don ba a bar shi ya gansu ba, duk yaran suke hukuntawa.

Idan magana ta cije

Kusan kowane sasanci yana kaiwa wurin da kamar ba za a wuce ba. Mai sasanci yana iya ajiye batun ya koma kan mai sauƙi, ko ya gana da kowa a keɓe, ko ya ɗage zaman. A keɓe yakan yi tambayoyin da ba su da daɗi: idan kuka je kotu, wata nawa za a ɗauka, nawa za a kashe, kuma wane tabbaci kake da shi cewa alƙali zai ba ka fiye da wannan? Wani lokacin kuma abin da ya tsayar da maganar ba shi ne ake faɗa a kansa ba. Mutum biyu za su iya shafe awa guda a kan wani tsohon agogo alhali abin da ɗaya yake jira shi ne a ce masa an san an ɓata masa. Kada ka sa hannu don ka gaji, ko don ana jiranka, ko don kada a ce kai ne mai taurin kai. Ka nemi a ba ka kwanaki ka yi shawara.

Mataki na bakwai: rubutawa da kaiwa kotu

Idan aka daidaita, mai sasanci zai rubuta taƙaitaccen abin da aka cimma, tare da jadawalin dukiyar da aka bayyana. A ƙasashe da yawa, ciki har da Ingila, wannan takardar ita kaɗai ba ta da ƙarfin doka. An yi haka da gangan ne don kowa ya sami damar kai ta wurin lauyansa kafin ya ɗaure kansa. Lauyan kowa dabam, domin lauya ɗaya ba zai iya kare muradun mutum biyu masu rabuwa ba. Shi zai duba abin da aka manta, kamar haraji a kan sayar da kadara, ko inshora, ko wasiyya da sunan magajin da aka rubuta a takardun fansho.

Bayan gyara, sai a mayar da ita yarjejeniya ta shari'a a miƙa wa kotu ta amince da ita a matsayin umarninta. Alƙali yana da ikon ya yi tambaya ko ya ƙi amincewa idan ya ga an tauye ɗaya ƙwarai ko an yi watsi da maslahar yara. Da zarar ta sami hatimin kotu, wanda ya saɓa mata ya saɓa wa umarnin kotu ne, kuma ana iya tilasta masa. Shi kansa sakin yana bin tasa hanyar bisa dokar ƙasa ko ta addini. Sasanci yana warware abubuwan da ke biyo bayansa ne kawai. Sai kuma aiwatarwa, wadda ya kamata kowane sashe nata ya zo da ranarsa: canza suna a takardun gida da mota, rufe asusun haɗin gwiwa, sanar da makaranta wanda zai riƙa ɗaukar yara a kowace rana.

Ba kowane sasanci ne ke ƙarewa da cikakkiyar yarjejeniya ba. Idan kun daidaita a kan yara amma gida ya gagara, a rubuta abin da aka cimma, a kai wa alƙali abin da ya rage kaɗai, wanda hakan zai rage tsawon shari'ar da kuɗinta. Takardun dukiyar da kuka riga kuka tattara ma za su yi amfani a can. A wuraren da sasanci yake sharaɗi, kamar Ostireliya, mai sasanci zai ba ku takardar shaidar cewa an gwada, wadda da ita za a shigar da ƙara. A cikin yarjejeniyar da aka kammala kuma, yana da kyau a sa sharaɗin cewa idan saɓani ya taso daga baya, ko ɗaya ya rasa aiki, ko zai yi ƙaura, ko yaro ya shiga makarantar gaba, za a fara komawa wurin mai sasanci kafin a nufi kotu, kuma a ambaci wanda zai biya kuɗin wannan zaman.